Mutum-mutumin da ke jin abu kafin ya taɓa shi: tambayoyi da amsoshi kan sensar kafasito

Masu haɗa ƙananan mutum-mutumi masu taya, musamman ɗalibai masu furojet, abu biyu ne ke cinye musu lokaci, kar injin ya yi karo da abu, kuma kar ya rufta daga kan tebur ko bakin matakala. Ga tambayoyin da aka fi yi kan sensar kafasito a wannan aikin, wato na'urar da ke sa injin ya ji abin da ke kusa da shi.

Wai mece ce ita, kuma ya take aiki?

Ka san kafasito dai, irin wanda ke cikin fanka. Faranti biyu ne na ƙarfe da wani abu da wuta ba ta bi a tsakaninsu, kuma yawan cajin da zai iya riƙewa ya dogara ne da faɗin farantan, da tazarar da ke tsakaninsu, da irin abin da ya cike tazarar. Toh a sensa faranti ɗaya kawai kake liƙawa a jikin injin, ɗayan farantin kuwa duk abin da ya matso ne, bango ne ko ƙafar kujera ko hannun yaro ko daɓen da injin ke tafiya a kai. Abu na matsowa ƙarfin riƙe cajin sai ya ɗan ƙaru, wani ƙaramin cif yana ta aunawa sau da yawa a cikin daƙiƙa, da ya ga canji sai ya sanar da ƙwaƙwalwar injin. Ba kowane abu ne ke jawo canji iri ɗaya ba fa. In aka ba iska 1 a ma'aunin yadda abu ke ƙara ƙarfin riƙe caji, gilas yana tsakanin 4 da 10, ruwa kuwa wajen 80 ne, shi ya sa take saurin jin mutum tunda jikinmu mafi yawansa ruwa ne, ƙarfe ma haka take jinsa sosai, amma busasshen kwali ko soso da ƙyar.

Sabuwar fasaha ce?

Ina! Tun wajajen 1920 Leon Theremin ya ƙera abin kiɗa a Rasha wanda ake kaɗawa ba a taɓa shi ba, hannu kawai ake kaiwa kusa da eriya. A 1965 E. A. Johnson a Ingila ya bayyana allon taɓawa mai aiki da wannan dabarar, kakan sikirin ɗin wayar da ke hannunka kenan.

Ga infirared ga sensar sauti masu araha, me zai kai ni nan?

Kowacce da inda take makancewa. Infirared haske take harbawa wanda ido ba ya gani, ta jira ya dawo, baƙin abu yana shanye hasken, gilas yana barinsa ya wuce, rana mai ƙarfi kuma tana rikita ta. Sensar sauti irin HC-SR04 tana harba sauti mai kilohaz 40, tana gani daga santimita 2 har mita 4, amma labule ko katifa suna shanye sautin, bangon da ke karkace kuma sai ya cilla shi wani gefen bai dawo ba. Ita kuwa ta kafasito ba ruwanta da launi ko duhu ko haske, tana aiki ta bayan murfin roba ba sai an huda jiki ba, kuma abin da ya fi burge ni, tunda falle ne kawai na tagulla kana iya zagaye duk jikin injin da shi har kusurwoyin da sauran ba sa kallo. Ni dai a wurina fata ce ba ido ba, kuma wanda ya fahimci haka ba zai ɗora mata aikin da ba nata ba. Kamfanin Bosch na Jamus ma haka ya yi da hannun injinsa mai suna APAS, ya lulluɓe shi da irin wannan sensar don ya tsaya kafin ya taɓa ma'aikaci.

To ya take gane bakin matakala ko gefen tebur?

Nan juya lissafin ake yi. Sai ka sa farantin a ƙarƙashin injin, gaba da tayoyi, yana kallon ƙasa. Muddin akwai daɓe adadin da cif ɗin ke aunawa yana sama, da farantin ya leƙa fili sai adadin ya faɗi, injin ya ja da baya. Injin share ɗaki Roomba da iRobot ya fitar a 2002 infirared yake amfani da ita a wannan aikin, kuma sananne ne cewa irin waɗannan injinan kan ɗauki baƙin kafet a matsayin rami su ƙi hawa, wanda ta kafasito ba za ta yi wannan kuskuren saboda launi ba.

Sai dai ita ma da nata. Tazara tana da tasiri ƙwarai, in farantin yana milimita 10 daga ƙasa sai taya ta hau wayar caja ya koma 15, adadin zai faɗi kamar an zo bakin rami alhali ba komai. Haka in ya tashi daga siminti ya hau busasshen katako ko kafet mai kauri. Dabarar da ta fi ita ce faranti biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ka riƙa kallon bambancinsu maimakon adadin kowanne, don bakin rami na gaba ne kaɗai zai fara ji kuma adadinsa ba zai dawo ba.

Nisan nawa take ji?

Kaɗan ne gaskiya, ƴan santimitoci, kuma yawanci nisan ba ya wuce kwatankwacin faɗin farantin sosai. Yi lissafi da kanka: injin na tafiyar santimita 30 a daƙiƙa, sensa ta ji abu a santimita 5, saura kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa ka auna ka yanke shawara ka taka birki. Sannan ba ta faɗa maka nisa kai tsaye, hannu daga nesa da kwali daga kusa suna iya ba da adadi ɗaya. Don haka injin da ke gudu sai an haɗa masa da sensar da ke hangen nesa, kuma in matakalar bene ce ni ban yarda a bar ta ita kaɗai ba, a ƙara infirared a gefe, duk wadda ta ce rami a tsaya.

Me ya fi rikita ta?

Na farko jikin injin kansa. Farantin yana jin gaba yana jin baya, batir da mota (wato injin lantarkin da ke juya tayoyin) da wayoyi duk suna kusa da shi fiye da abin da kake nema. John Vranish na cibiyar Goddard ta NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ya yi aiki a kan wannan a farkon shekarun 1990, ya sa faranti na biyu a bayan na farko ana ba shi wuta daidai da ta na gaban, tunda ƙarfin wutarsu ɗaya babu cajin da zai bi ta baya, sai filin lantarkin ya karkata waje, aka samu ji har wajen santimita 30. Yau cif irin FDC1004 na Texas Instruments da wannan garkuwar yake zuwa.

Na biyu rashin haɗi da ƙasa. Injin batir ne a kan tayoyin roba, don haka abin da ka gani yana aiki lafiya lokacin da yake jone da kwamfutar da ke caji, kana zare waya sai jinsa ya ragu. Sai hayaniyar lantarki daga mota da ta wutar gida mai haz 50, sai kuma laima da zafi, abin da ka saita da hunturu iska a bushe ba lallai ya yi daidai da damina ba, ɗigon ruwa a kan murfi ma sai ta ɗauka mutum ne. Maganin shi ne manhajar ta riƙa gyara ma'aunin tushe, wato adadin da sensar ke nunawa in ba komai kusa, a hankali, ta yi biris da canjin da ke zuwa sannu sannu, ta kama wanda ya zo farat ɗaya.

Ina son gwadawa, da me zan fara?

Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake loda wa manhaja, da falle na tagulla ko na alminiyom, da rezisto babba (abin da ke rage gudun wuta) tsakanin fil biyu na allon, sai ka ɗauko manhajar CapacitiveSensor. Da rezisto mai megohom 1 sai ka taɓa take ji, da megohom 10 tana fara jin hannu kafin ya iso. ESP32 na asali, wanda shi ma ake loda wa manhaja kamar Arduino, yana da fil 10 na taɓawa a jikinsa, cif ɗin MPR121 kuma yana ɗaukar faranti 12, duk da dai su don taɓawa aka fi yin su, in nisa kake so FDC1004 ko FDC2214 sun fi. Ka gajarta wayar da ke zuwa farantin don ita ma tana ji, ka nisanta ta da wayoyin mota, ka gwada injin yana kan batir kuma motar na juyawa a kan ainihin daɓen da zai yi aiki, gwajin gefen tebur kuma ka ɗaure injin da igiya tukuna.