Sojan da ya tsinci labarin ƙarin girmansa a hanya: abin da dokar Amurka ta ce

Bidiyoyin sojojin Amurka da aka yi wa ba-zata da ƙarin girma suna ta yawo, kuma duk inda suka faɗa sai gardama ta tashi. Kwamanda ya kira yaronsa fuska a murtuke kamar zai yi masa faɗa, sai ya zaro sabuwar igiya daga aljihu. Wani yana bakin aiki a cikin jirgin ruwa ya ji an ambaci sunansa ta lasifika. Wani abokinsa ne ya turo masa hoton jerin sunaye da tsakar dare, wani kuma sai da ya duba takardar albashi ya ga kuɗi sun ƙaru. Daga nan maganganu uku suka bazu. Wasu na cewa ƙarin girman da ba a yi masa biki an liƙa wa mutum anini ba, ba ƙarin girma ba ne. Wasu na cewa da zarar suna ya fito a jeri magana ta ƙare. Na ukun su ne masu tsoratar da iyalan sojoji, suna cewa duk wanda ya saka alamar sabon muƙami kafin ranar albashi gidan yari zai tafi. Dukansu ba daidai ba ne, kuma na biyun ya fi cutar da mutane.

Jin labarin muƙami ta baƙuwar hanya tsohon abu ne a aikin soja. Yuri Gagarin ya tashi zuwa sararin samaniya ranar 12 ga Afrilu, 1961 yana babban laftanar, kafin ya sauko an mayar da shi manjo, har kamfanin dillancin labaran Tarayyar Sobiyet ya sanar da duniya sunansa da sabon muƙamin. A ƙarshen Janairun 1943 saƙon rediyo ne ya kai wa Friedrich Paulus na Jamus labarin cewa Hitler ya ba shi muƙamin fil mashal, alhali yana kewaye a Stalingrad, kuma bai jima ba ya miƙa wuya. Jeremiah Denton, matuƙin jirgin sojan ruwan Amurka da aka harbo a Biyetnam a 1965, an ƙara masa girma zuwa kyaftin yana tsare, bai dawo gida ba sai 1973. Ba wanda aka tara wa jama'a a ranar, kuma ba wanda muƙaminsa ya ragu saboda haka.

A tsarin Amurka akwai sashe guda da ya kashe maganar biki. Kundin dokokin tarayya, babi na 10 da ya shafi sojoji, sashe na 626 ya ce hafsan da aka naɗa a muƙami na gaba ana ɗauka ya karɓa tun ranar da aka yi naɗin, sai fa in ya fito fili ya ce ba ya so. Sashen ya ƙara da cewa in bai taɓa barin aiki ba tun rantsuwarsa ta farko, ba sai ya sake rantsuwa ba. Ke nan maimaita rantsuwar da ake gani a wurin biki, da kiran mata ko iyaye su liƙa anini a kafaɗa, al'ada ce mai kyau, amma ba ita ke haifar da muƙamin ba. Mutum na iya kwana ya tashi da sabon muƙami bai sani ba. Dokar albashin soja, babi na 37 sashe na 552, ta wuce nan: ƙarin girman da aka yi wa soja a lokacin da ya ɓace yana aiki ta kowace fuska, ko da daga baya an gano ya riga ya rasu kafin a yi shi. Wannan iyalinsa ake karewa, domin haƙƙoƙin da za su samu suna tafiya da muƙami.

Su wa dokar ta shafa? Hafsoshin rundunonin ƙasa, ruwa, sama, sojan kundumbala na ruwa da na sararin samaniya. Ƙananan sojoji masu igiya kowace runduna na da nata ƙa'idojin, wasu da jarrabawa, wasu da tara maki, wasu da kwamiti, amma su ma takardar umarni mai ɗauke da ranar fara aiki ce hujjarsu.

Me ya sa labarin ke yawan zuwa ta bayan gida? Domin hanyar doguwa ce, kuma wani ɓangarenta a bainar jama'a take. Kwamitin manyan hafsoshi ne ke zama ya tace takardun mutane, kuma sashe na 613a ya hana fitar da abin da suka tattauna. Rahotonsu ya bi ta hannun shugabannin ma'aikatar tsaro. Ga hafsoshin da ke aiki na dindindin, shugaban ƙasa shi kaɗai yana iya naɗawa har zuwa kyaftin na sojan ƙasa, amma daga manjo zuwa sama sai Majalisar Dattawa ta amince. Da sunaye sun isa majalisa, an buga su ke nan a kundin zamanta da shafinta na intanet, kowa na iya karantawa. Matar hafsa da ta iya bincike tana iya rigan kwamandansa sani. A Birtaniya ma tun da daɗewa ana buga naɗin hafsoshi a London Gazette, jaridar gwamnati da ta samo asali a 1665. Saboda haka wanda ya ga sunansa a irin waɗannan wurare bai saci sirrin kowa ba, bai kuma yi laifi ba.

Sai dai ganin suna a jeri zaɓe ne kawai, naɗi yana gaba. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe, su ci bashi ko su ɗauki alƙawarin da ya dogara da sabon albashi, alhali ba a zubar da ruwan randa don ganin hadari. Jerin yana da tsari, ana ɗaukar mutane bi da bi gwargwadon guraben da suka samu, wani ya jira watanni masu yawa. Sashe na 624 ya ba da damar a dakatar da naɗin hafsa in ana tuhumarsa, ko ana bincikensa, ko yana da shari'ar laifi a kotu, ko akwai dalilin shakkar cancantarsa. Dole a ba shi sanarwa a rubuce, a kuma ba shi damar rubuta martani. Dakatarwar ba ta wuce wata 6 sai in sakataren rundunar ya tsawaita, kuma ko an tsawaita akwai iyaka: wata 18, ko kwana 90 bayan kammala shari'arsa, duk wanda ya fi nisa. Sashe na 629 kuma ya ba shugaban ƙasa ikon cire suna daga jerin gaba ɗaya, haka nan in majalisa ta ƙi amincewa sunan ya fita.

Wanda yake ganin wannan magana ce ta takarda kawai ya tuna 2023. Sanata Tommy Tuberville na jihar Alabama ya toshe hanyar amincewa da manyan hafsoshi a dunƙule tun watan Fabrairu, saboda adawarsa da manufar ma'aikatar tsaro ta biyan kuɗin tafiya ga sojojin da ke neman zubar da ciki a wata jiha. Hafsoshi sama da 400 suka maƙale har watan Disamba. An zaɓe su, sunayensu na hannun kowa, wasu har suna riƙe da ofisoshin a matsayin riƙo, amma a idon doka suna nan a tsohon muƙami da tsohon albashi. Ko mene ne ra'ayin mutum kan abin da ya jawo rigimar, waɗanda suka ɗanɗana kuɗarta ba su suka tsara manufar ba.

Yanzu ga sashen da ya fi rikita mutane, wato na 777, wanda ya shiga doka a 1996. Shi ne ya tsara abin da za a iya kira aron anini: a ba hafsan da aka zaɓa izinin saka alamar muƙami na gaba kafin ranar naɗinsa ta zo. Sharuɗɗan biyu ne manya. Majalisar Dattawa ta riga ta amince da shi, kuma yana riƙe da kujerar da ta dace da wannan muƙami ko an ba shi umarnin zuwa can. Dalilin a bayyane yake. Wanda aka tura ya jagoranci runduna, ko ya zauna teburi ɗaya da hafsoshin wasu ƙasashe, yana buƙatar kafaɗarsa ta yi daidai da aikinsa, in ba haka ba umarninsa zai yi rauni. Rundunar ruwa ta fi kowa amfani da wannan, har ga ƙananan sojojinta, waɗanda sukan saka sabuwar igiya jim kaɗan bayan fitowar sakamakon jarrabawa, kuɗin kuma ya biyo baya daki-daki.

To me mai aron anini yake samu? Ana kiransa da sabon muƙami, ana sara masa da shi. Abin da ba ya samu sashen ya faɗa ƙarara: ba a biyansa albashin muƙamin, ba shi da ikon da doka ta rataya wa muƙamin, kuma kwanakin da ya yi sanye da alamar ba sa shiga lissafin girma ko daɗewa a muƙamin. In doka ta ce sai mai muƙami kaza ne zai sa hannu a wata takarda ko ya yanke wani hukunci, aninin aro bai isar masa ba. Saboda haka in kun ga ɗan'uwanku da alamar kanar a hoto amma ya ce albashinsa bai motsa ba, ba ƙarya yake yi ba, ba kuma cinye masa aka yi ba. Haka dokar take. Ni dai ina ganin nauyin ya karkata gefe guda. Gwamnati na samun aikin kanar da farashin laftanar-kanar, mutumin yana ɗaukar alhakin babbar kujera, in abu ya lalace shi za a tambaya, amma watannin nan ba a ƙirga masa su. Masu kare tsarin suna cewa majalisa ce ta ƙayyade adadin hafsoshin da za a biya a kowane mataki, kuma ba a tilasta wa kowa. Hujja ce mai ƙarfi ta fuskar kasafi, sai dai duk wanda ya san aikin soja ya san da wuya hafsa ya ce wa shugabanninsa ba ya son aninin da suka miƙo masa.

Maganar hukunci kuwa, ga gaskiyarta. Kundin shari'ar sojan Amurka yana da sashe na 106a, wanda ya fara aiki a matsayin sashe mai zaman kansa ranar 1 ga Janairu, 2019. Ya haramta wa soja saka alama, lambar yabo ko baji da ba a ba shi izinin sakawa ba, a jikin kaki ko a kayan gida. Mafi girman hukuncin saka alamar muƙami ba bisa ƙa'ida ba shi ne ɗaurin wata 6, da rasa albashi da alawus gaba ɗaya, da kora ta rashin ɗa'a. In manyan lambobin jarumta mutum ya rataya, ɗaurin na iya kaiwa shekara 1. Hafsoshi ba a yi musu irin waccan korar, nasu sallama ce ta ladabtarwa da babbar kotun soja kaɗai ke iya yankewa.

Masu tsoratarwa suna karanta wannan su tsaya, suna tsallake abubuwa uku. Na farko, abin da aka haramta shi ne sakawa ba tare da izini ba. Mai aron anini yana da izini a rubuce, don haka sashen bai taɓa shi ba ko da albashinsa zai yi wata da watanni bai canza ba. Na biyu, dole mai gabatar da ƙara ya nuna an yi sakawar ne ba bisa gaskiya ba, kuma shari'ar soja ta yarda da kariyar kuskure in na gaskiya ne kuma mai hankali zai iya yin irinsa. Sojan da kwamandansa ya liƙa masa igiya da hannunsa, daga baya aka gano ofis ya yi kuskuren kwanan wata, ba ɗaya yake da wanda ya sayi igiya ya ɗinka don ya burge mutane ba. Na uku, wata 6 ɗin iyakar hukuncin ne, ba abin da ake yanke wa kowa ba. Ƙananan laifuffuka kwamanda yana iya hukunta su a ƙarƙashin sashe na 15 ba tare da kotu ba, ta hanyar yanke wani ɓangare na albashi, ƙarin aiki, ko rage igiya ga ƙaramin soja. Sojan na da ikon ƙin wannan ya nemi kotu, sai in yana aiki a jirgin ruwa.

Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne wanda ya ga sunansa a hoton da aka turo masa, ya je ya canza kafaɗa da kansa, ya fara ba da umarni ko sa hannu a takardu da muƙamin da bai samu ba. Nan ana iya haɗa masa da sashe na 106, na sojan gona da sunan hafsa ko mai igiya, da na 107, na sa hannu a takardar hukuma da ƙarya da nufin yaudara, wanda ɗaurinsa ke kaiwa shekara 5. Abin da ya dame ni a nan shi ne sau da yawa ɗoki ne ke kai ƙaramin soja ga wannan, bayan ya yi shekaru yana jira, kuma da shugabanninsa sun kira shi da wuri sun gaya masa ranar da zai saka, da ba a kai nan ba. Doka ta tanadi hukunci ga wanda ya yi gaggawa, amma sashe na 626 bai sa sanar da mutum ya zama sharaɗin naɗi ba. Sanarwar ta dogara da ƙa'idojin runduna da kirkin kwamanda, kuma kwamandoji sun bambanta.

Ga wanda ƙarin kuɗi a asusu ne ya fara ba shi labari, kada ya ɗauki kuɗin a matsayin hujja. Ya nemi takardar umarnin a ofishin kula da ma'aikata, ya duba ranar fara aiki da ranar da ake ƙirga masa girma daga ita. In takardar na nan, muƙamin nasa ne tun wannan ranar ko ba a yi biki ba. In babu ita, kuɗin na iya zama kuskuren ofishin biya, kuma gwamnati na ɗaukar irin wannan a matsayin bashi, ta cire shi daga albashin watanni masu zuwa.