Salbutamol yana buɗe hanyar iska, amma ba ya maganin kumburi

Idan asma ta tashi, abubuwa uku ne ke faruwa a hanyoyin iska na huhu: tsokar da ke kewaye da su ta ɗaure, cikinsu ya kumbura, majina ta taru. Salbutamol, maganin shaƙa da aka fi sani da Ventolin, wanda robar da ake saka gwangwaninsa shuɗiya ce, na farkon kawai yake warwarewa. Cikin minti biyar ko ƙasa da haka ƙirji zai saki, aikinsa kuma ya kai awa 4 zuwa 6. Masu COPD, wato daɗaɗɗen ciwon huhu mai toshe hanyar iska, su ma suna amfani da shi.

Kowace fesa tana ɗauke da mikrogiram 100, kuma galibin gwangwanaye fesa 200 ne. Sai dai mutane da yawa a harshe da maƙogwaro maganin ke tsaya musu. Ga yadda ake yi. A cire murfi, a girgiza sosai. A zauna a miƙe, a fitar da numfashi gefe, sannan a kama bakin abin shaƙar da leɓɓa ba tare da barin kafa ba. A fara jan numfashi a hankali, a danna gwangwanin sau ɗaya a daidai lokacin, a ci gaba da ja har ƙirji ya cika. A riƙe kamar daƙiƙa 10. Wanda ya danna kafin ya ja, ko ya fizgi numfashi da ƙarfi, ya yi asarar mafi yawansa. Idan hayaƙi na fita ta baki, bai shiga ba. Kafin fesa ta biyu a dakata rabin minti, a sake girgizawa. Yara da tsofaffi su nemi bututun roba da ake kira sifesa, domin shi ke tara maganin a shaƙa a natse.

Rawar hannu da saurin bugun zuciya kan biyo baya, kuma sukan wuce da kansu.

Abin da ya fi damun mu shi ne mai dogaro da shuɗin kaɗai. Numfashi ya dawo, sai a ɗauka an warke, alhali kumburin na nan yana ƙaruwa. Tun 2019 GINA, ƙungiyar duniya mai fitar da ƙa'idojin kula da asma, ta daina ba da shawarar kula da asma da shi shi kaɗai. Duk mai buƙatarsa fiye da sau biyu a mako, ko mai ƙarar da gwangwani uku a shekara, ya koma wurin likita a duba batun maganin shaƙa mai rage kumburi, irin su budesonide ko beclometasone. Bayan shaƙar waɗannan a kurkure baki.

Idan numfashi ya sarƙe sosai, a zaunar da mutum, kada a kwantar da shi. A ba shi fesa ɗaya ta salbutamol kowane rabin minti zuwa minti ɗaya, har guda 10. In ya kasa haɗa magana, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko babu sauƙi, a garzaya asibiti nan take, ana ci gaba da ba shi a hanya.