Waiwaye: Yadda majalisar Birtaniya ta yi ihu bayan hari kan kwangilolin kayan kariya na korona

Ranar 18 ga Maris 2020, saura kwana biyar Firaminista Boris Johnson ya umarci jama'a su zauna a gida, ofishin majalisar ministocin Birtaniya ya aike wa ma'aikatu wata takarda. Tunatarwa ce cewa sashe na 32 na ƙa'idojin bayar da kwangila na 2015 ya yarda a tsallake gasa, a miƙa aiki kai tsaye ga wanda aka zaɓa, idan gaggawar da ba a hango ba ta taso. Ba a karanta takardar a zauren majalisa ba, ba kuma a kaɗa mata ƙuri'a ba, don doka ba ta buƙaci hakan ba. Ta wannan ƙofar biliyoyin fam suka fita.

Matsalar ƙarancin kayan kariya na ma'aikatan lafiya ta girmi korona. Tun 2009 Birtaniya take da rumbun kayan kariya, amma don annobar mura aka tanade shi. A Oktoban 2016 an yi wani atisayen gwaji mai suna Cygnus wanda ya nuna shirin ƙasar bai wadatar ba, kuma rahotonsa bai fito fili ba sai a Oktoban 2020. A Yunin 2019 masana masu ba gwamnati shawara suka ce a ƙara dogayen rigunan kariya a rumbun. Har cutar ta iso ba a sayo su ba. Da asibitoci suka cika, duniya duka ta yi cincirindo a ƙofar masana'antun China, farashi ya yi tashin gwauron zabi, aka ga hotunan ma'aikatan jinya sanye da ledar shara. Riguna 400,000 da aka yi oda daga Turkiyya aka yi ta shelarsu, wasu daga cikin waɗanda suka iso kuma ba su ci gwajin inganci ba.

Ina majalisa a lokacin? Cikin kwana huɗu na zama ta amince da dokar korona, wadda ta samu sa hannun Sarauniya ranar 25 ga Maris. A ranar kuma aka ɗaga adadin kuɗin da baitulmali zai iya ciro wa ma'aikatu daga asusun ko-ta-kwana kafin majalisa ta amince, daga kashi 2 cikin 100 na kasafin shekarar da ta gabata zuwa kashi 50. Daga nan 'yan majalisa suka tafi hutu, ba su dawo ba sai 21 ga Afrilu, akasarinsu ta bidiyo. Dokar kulle ta Ingila, wadda minista ya fitar ranar 26 ga Maris a ƙarƙashin wata dokar lafiya ta 1984, sai 4 ga Mayu majalisar wakilai ta tattauna ta. An kuma sassauta sharuɗɗan tantance ingancin kaya, bisa shawarar da hukumar Tarayyar Turai ta bayar ranar 13 ga Maris cewa a bar kayan da ba su kammala samun hatimin CE (shaidar cika sharuɗɗan ingancin Turai) ba su isa hannun ma'aikatan lafiya, muddin hukuma ta gamsu da su.

Sai a ƙarshen Satumba ran 'yan majalisa ya ɓaci sosai. Kakakin majalisar wakilai Lindsay Hoyle ya zargi gwamnati da raina majalisa, Graham Brady kuma ya jagoranci 'yan jam'iyyar gwamnati wajen neman a riƙa kawo manyan matakai gabansu kafin su fara aiki. To amma kan kulle da hana taruwa aka yi wannan rigimar. Wa aka ba kwangila, nawa aka biya, ta yaya aka zaɓe shi, duk ba su shiga yarjejeniyar da aka cimma ba.

Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ne ya fara buɗe littafin, a Nuwamban 2020. (Ofishin na majalisa ne, ita yake kai wa rahoto, amma aikinsa duba kuɗin da aka riga aka kashe.) Ya gano cewa zuwa ƙarshen Yuli an bayar da kwangilolin annoba sama da 8,600 na fam biliyan 18, kuma na biliyan 10.5 ba a yi musu gasa ba. Tsakanin Fabrairu da Yuli an sayi kayan kariya biliyan 32 a kan fam biliyan 12.5, alhali a farashin 2019 biliyan 2.5 ne kuɗinsu.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne layin alfarma, inda ake saka kamfanonin da ministoci, manyan jami'ai da su kansu 'yan majalisa suka gabatar. Cikin kamfanoni 493 na wannan layin, 47 suka samu kwangila, kusan ɗaya cikin goma. A layin gama-gari kuwa, 104 cikin 14,892, ko ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Wasu daga cikin waɗanda ya kamata su sa ido, su ne masu turo sunaye. Kamfanin Ayanda ya samu kwangilar fam miliyan 252, sai ga shi takunkumin fuska miliyan 50 da ya kawo ba su yi amfani a asibitocin gwamnati ba, saboda igiyarsu ta rataya a kunne ce, ba mai zagaya ƙeya ba, aka ji tsoron ba za su manne fuska ba.

'Yan majalisa uku, Caroline Lucas da Debbie Abrahams da Layla Moran, sai da suka haɗa kai da ƙungiyar Good Law Project suka tafi kotu kafin su samu abin da tambaya a zaure ta kasa ba su. A Fabrairun 2021 babbar kotu ta ce sakataren lafiya Matt Hancock ya saɓa doka da ya ƙi wallafa bayanan kwangiloli cikin kwana 30. A Janairun 2022 ta ce layin alfarma ya saɓa ƙa'idar yi wa masu neman kwangila adalci, ko da yake ta ga kamfanonin da aka yi ƙarar a kansu da wuya su rasa aikin ko ba layin.

Hujjar Hancock ita ce jami'ansa suna fafutukar ceton rai, ba cike takardu ba. A ganina hujjar ta wanke saurin da aka yi, kuma ko wace gwamnati ce da ta sayi kaya da tsada a watan Afrilun 2020. Ɓoyon ne ba ta wanke ba: wallafa sunan kamfani da adadin kuɗi ba ya hana jirgin kaya tashi.

Asusun ma'aikatar lafiya na 2020 zuwa 2021 ya nuna darajar kayan ta zube da fam biliyan 8.7 cikin 12.1. Fiye da rabin asarar faɗuwar farashi ce, sauran kaya ne marasa kyau, ko waɗanda ba su dace da asibiti ba, ko waɗanda wa'adinsu zai ƙare a ajiye. A Yunin 2022 kwamitin bin bahasin kuɗaɗen gwamnati, ƙarƙashin Meg Hillier, ya ce kayan fam biliyan 4 ba su da amfani, kuma ana shirin ƙona da yawa don samar da lantarki.

Sabuwar dokar kwangila ta 2023, da ta fara aiki a Fabrairun 2025, ta wajabta fitar da sanarwa kafin a bayar da kwangila kai tsaye, amma ta bar wa minista ikon buɗe wannan hanya don kare rayuka. Kwamitin binciken korona na Heather Hallett ya saurari shaidu kan sayen kaya a Maris 2025.

Sai batun PPE Medpro, kamfanin da Michelle Mone, 'yar majalisar dattawa, ta gabatar, ya kuma samu kwangilolin sama da fam miliyan 200. A Disamban 2022 majalisar wakilai ta tilasta wa gwamnati miƙa takardun cinikin ga kwamitin Hillier, fiye da shekara biyu bayan an biya kuɗin. Shekara guda bayan haka Mone ta amsa cewa ta yi wa 'yan jarida ƙarya da ta musanta alaƙarta da kamfanin. Ranar 1 ga Oktoba 2025 kotu ta umarci kamfanin ya mayar da kusan fam miliyan 122 na riguna miliyan 25 da ba a tabbatar da tsaftace su daga ƙwayoyin cuta yadda kwangila ta ce ba. Ana gobe za a yanke hukuncin kamfanin ya nemi a damƙa shi ga masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, wa'adin biyan ya kuma cika ranar 15 ga wata bai biya ba.