Koyon Feshin Fentin Mota: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Farawa

Daga ina ya kamata mai son koyon wannan sana'a ya fara?

Ya fara daga samfefa, domin ita ce za ta fi daɗewa a hannunsa. Duk yaron da aka kai gareji wurin mai fenti ya san cewa maigida ba zai miƙa masa bindigar feshi a farkon zuwansa ba. Wanke mota, goge tsohon fenti da liƙe gilasai da fitilu da takarda su ne aikinsa. Wasu yaran suna ɗaukar wannan a matsayin wahalarwa, alhali kuwa a nan sana'ar take, saboda sabon fenti ƙara tona aibin jikin mota yake yi. 'Yar lotsawar da ido bai kama ba a jikin ƙofa, da zarar an fesa mata baƙin fenti mai sheƙi, daga nesa za a hango ta.

Waɗanne kayan aiki ne ba makawa sai da su?

Kwamfiresa mai babban tanki, tiyon iska, matatar da ke tare ruwa da mai, sai bindigar feshi. Bakin bindiga mai faɗin milimita 1.3 ko 1.4 shi ya dace da launi da kiliya (shafin ƙarshe marar launi mai sa sheƙi), firaima kuwa, wato shafin da ake fesawa kafin launi, da yake tana da kauri tana son baki mai kusan milimita 1.8. SATA da DeVilbiss da Iwata sun yi suna, amma suna da tsada, kuma mai koyo zai iya farawa da mai araha muddin yana wanke ta da tina, wato sinadarin tsinka fenti, bayan kowane aiki. Inda bai kamata a yi ƙoro ba shi ne kwamfiresa, domin ƙarama takan gaza a tsakiyar feshi, iska ta yi rauni, fentin ya riƙa fita guda-guda. A kuma riƙa buɗe ƙasan tankin kullum ana zubar da ruwan da ya taru.

Yaya matakan aikin suke tun daga farko?

Bayan mai gyaran jiki ya buge lotsawa, ana kankare tsatsa har sai ƙarfe ya fito fes, a goge maiƙo, sannan a shafa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi. Ana cakuɗa ta da sinadarin da ke daskarar da ita kaɗan, wajen kashi 2 cikin 100, kuma cikin 'yan mintoci take sandarewa, shi ya sa ba a kwaɓa da yawa lokaci guda. Kuskuren da ya yawaita shi ne lafta fila mai kauri don gudun wahalar buge ƙarfe. Irin wannan aikin bayan wani lokaci yake tsagewa ya ɓamɓaro.

Ana daidaita fila da samfefa mai lamba 80, a bi da 180, a ƙarasa da 320, kuma kowace lamba aikinta share ƙarzar da ta gabace ta ya bari. A naɗe samfefar a jikin katako mai lebur, domin yatsu kan bar kwari a wurin. Fila tana shan ruwa, saboda haka a bushe ake goge ta. Daga nan sai firaima, a goge ta da lamba 500 zuwa 800, a fesa launi shafi biyu ko uku, a rufe da kiliya shafi biyu. Kiliya da dama ana haɗa su ne kashi 2 da kashi 1 na hadina, wato sinadarin da ke daskarar da su, amma abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne abin bi.

Yaya ake riƙe bindiga?

Ana riƙe ta tana fuskantar jikin motar kai tsaye, da tazarar santimita 15 zuwa 20, ana tafiya da hannu gaba ɗaya ba tare da lanƙwasa wuyan hannu ba. Ana danna kunama kafin a iso gefen wurin, a saki bayan an wuce shi, kowane layi kuma ya hau rabin wanda ya gabace shi. Yawancin bindigogin zamani suna aiki da ƙarfin iska kusan 2 a ma'aunin bar. Idan hannu ya yi nawa ko ya matso da yawa fenti zai dalalo. Idan ya yi sauri ko ya yi nisa, sai ya bushe a iska ya fito da gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Tsakanin shafi da shafi a jira minti 10 zuwa 15. Ba a koyon wannan a motar mutane. Tsohuwar ƙofa ko bonet daga masu sayar da tsofaffin kayan mota, irin na Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ta isa a yi ta fesawa ana gogewa.

Me yanayi yake yi wa fenti?

Yawancin fentin mota an tsara shi ne don zafi na digiri 20 zuwa 25, mu kuwa a bazara mukan haura 40, shi ya sa ake yin feshi da sassafe a inuwa, da tina mai jinkirin bushewa. Da hunturu ƙura ce matsala, don haka wanda ba shi da rufaffen ɗakin feshi ya kewaye wurin da leda, ya yayyafa ruwa a ƙasa. Da damina laima kan sa fenti ya dushe.

Ta yaya ake samun launin da ya dace da na motar?

Kowace mota tana da lambar fentinta. A motocin Toyota takan kasance a takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofar direba, inda 040 ke nufin fari, 202 kuma baƙi. Sai dai rana tana kodar da fenti, don haka a gwada a ɗan guntun ƙarfe a kara da jikin motar a hasken rana kafin a fesa.

Shin gaskiya ne shan madara yana wanke fentin da aka shaƙa?

Ba gaskiya ba ne, duk da yadda maganar ta yaɗu a gareji. Madara ciki take zuwa, fenti kuwa huhu yake shiga. Hadinar da ake zuba wa kiliya tana ɗauke da sinadarin isosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata cutar asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya kamu, ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai numfashinsa ya sarƙe. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare shi. Mafi inganci shi ne takunkumin da ake turo wa tsabtatacciyar iska ta tiyo. Mai matatar gawayi kariyarsa ba ta kai wannan ba, kuma dole a riƙa sauya matatar. A sa safar hannu da tabarau, a daina wanke hannu da tina domin tana ratsa fata, sannan a nisanta janareta, walda da taba daga wurin feshi, tun da tururin tina yana kama wuta da ƙaramin tartsatsi.