Soket ɗin ƙarƙashin sitiyari: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ni mai gyaran wutar mota ne a sana'iyyar Jidda, wato unguwar garejoji. Kullum sai 'yan'uwa sun zo da tambayoyin nan, to ga amsa a rubuce.

Ina soket ɗin yake?

Ka durƙusa ta gefen direba, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. Rami 16 gare shi, sunansa OBD-II, nan ake jona na'urar binciken mota. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur.

Na'urar tana gyara mota?

A'a. Tambayar ƙwaƙwalwar mota kawai take yi, ita kuma ta faɗi lambobin matsalar da ta ajiye. Motocin yanzu ta rami na 6 da na 14 suke amsawa, ta layin da ake kira CAN.

In bar 'yar ƙaramar na'urata a jone?

Cire ta! Rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, ko an kashe mota tana nan. Ka ajiye mota mako biyu a zafin nan, ka dawo ka tarar batir ya kwanta.

Ta nuna P0300, wane kaya zan saya?

Kada ka sayi komai tukuna, Alhaji. Lambar cewa ta yi injin yana tsallake wuta, ba ta ce fulogi ba ne. Ko koyil ne, ko mai. Ka kwantar da hankalinka, a auna.

Zan sayi mota a haraj (kasuwar tsofaffin motoci), an jona na'ura ba a ga komai ba. Lafiyarta ƙalau?

To, nan ne nake so ku saurare ni. Mai yiwuwa ƙalau take, mai yiwuwa kuma da safen nan aka goge lambobin, domin gogewa ba ta ɗaukar minti ɗaya. Amma tana barin sawu. Ƙwaƙwalwar tana da gwaje-gwajen da take yi wa kanta a kan hanya, da an goge sai su koma kamar ba a taɓa yi ba. Ka sa a duba maka su. Motoci da yawa ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. In ka ga kilomita 5, ka yi tambaya. Sai dai kada ka yi saurin zargin bawan Allah, cire batir ma yakan jawo haka, kuma wanda ya canza batir jiya bai yi laifi ba.

Sannan wace na'ura aka jona? Masu arha irin ELM327 galibi injin kaɗai suke gani. Burkin ABS da jakar iska suna da tasu ƙwaƙwalwar, sai babbar na'ura. Ni dai in ƙanina ne, sai mun zaga da motar kan babban titi ta yi zafi sosai, mu sake jonawa, kafin ya ƙirga riyal ko ɗaya.