Kifi da dankali: cimar talakan Ingila ta fara fin ƙarfin aljihu

Tambayi Baturen Ingila abincin gidansu, da wuya bai ce maka soyayyen kifi da dankali ba. Alhali duka biyun baƙi ne. Dankalin da muke kira na Turawa daga Kudancin Amurka aka kai musu shi. Suyar kifin kuwa Yahudawan da asalinsu ke Fotugal da Sifaniya ne suka shigo da ita a ƙarni na 17. Sukan soya ranar Juma'a su ci da sanyinsa ranar Asabar, tunda ba sa hura wuta a ranar.

Har yau ana ja-in-ja kan wanda ya fara haɗa su a shago ɗaya. Mutanen Landan sun ce Joseph Malin ne, wajen 1860, na arewa kuma suna riƙe da John Lees na garin Mossley, wajen 1863. Abin da ya baza abincin dai ba gardama a kansa: jiragen kamun kifi masu tururi, ƙanƙara, da layin dogo mai kwaso kifi daga garuruwan bakin teku na Grimsby da Hull zuwa garuruwan masaƙu kafin ya lalace. Lebura ya tashi aiki a gajiye, da 'yan kwabbansa sai ya ci mai zafi. A shekarun 1930 shagunan sun kai wajen 35,000. Ko a yaƙin duniya na biyu da aka ƙayyade wa kowa nama da sukari, wannan ba a taɓa shi ba.

Aikin bai sauya sosai ba. Mai suya ya tsoma kifin cikin kwaɓin fulawa, ya saka a tafasasshen mai har ɓawon ya yi ƙarau, a barbaɗa gishiri, a yayyafa ruwan khal. A yankin Yorkshire na arewacin Ingila da yawa da kitsen shanu suke suya, kuma suna ganin na man girki wasa ne. Da, a tsohuwar jarida ake naɗewa, kamar tsiren gidanmu, sai a shekarun 1980 dokar tsafta ta kawar da hakan.

Tushen matsalar yau daga teku yake. Daga 1958 zuwa 1976 Birtaniya ta yi ta rikici da ƙasar Aisland kan ruwan kamun kifin kod, wanda aka fi soyawa a shagunan, ta kuma sha kaye: Aisland ta killace mil 200 na tekun da ke kewaye da ita, masuntan Hull da Grimsby suka rasa abin yi. Tun daga nan akasarin kifin shigo da shi ake yi. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya iske su har cikin kasko: man suya ya yi tashin gwauron zabo, gwamnati ta ɗora harajin kashi 35 cikin 100 kan kifin Rasha, ga kuɗin gas. Shagunan sun ragu ƙwarai, wasunsu sun koma gwada kifaye masu araha, masu saye kuwa na ta tambayar kod ɗin da suka saba.