Gwajin Gano Ciwon Dajin Babban Hanji

Gwajin gano ciwon dajin babban hanji bincike ne da ake yi wa mutumin da bai fara jin wata alamar ciwo ba. Yawancin wannan daji yana farawa ne daga ɗan tsiro a jikin bangon hanji, wanda kan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe. Idan aka cire tsiron a wannan tsakani, an tare ciwon tun bai kama ba. A shekarar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 ne suka kamu da shi a duniya.

Kolonoskopi shi ne gwajin da ya fi zurfi. Likita yana tura siririn bututu mai lanƙwasuwa, ɗauke da kyamara da fitila, ta dubura har zuwa inda babban hanji ya haɗu da ƙarami. Da ya ga tsiro sai ya zarga masa madauki na waya ya yanke shi nan take, dabarar da likitoci Hiromi Shinya da William Wolff suka soma a birnin New York a 1969. Aikin kan ɗauki minti 30 zuwa 60, galibi bayan an yi wa mutum allurar sa barci. Abin da mutane suka fi kuka da shi shi ne shirin jajibere: barin abinci mai ƙarfi da shan maganin wanke ciki har hanji ya yi tas. Zubar jini ko hujewar hanji na iya aukuwa, amma ba safai ba. In ba a ga komai ba, ba a sake gwajin sai bayan shekara 10.

Akwai hanyoyi masu sauƙi. Gwajin FIT yana neman jinin da ido ba ya gani a cikin bahaya. A Amurka duk shekara ake yinsa, a Ingila kuwa ana aika kayan gwajin gida ta gidan waya duk shekara 2. Wani gwajin bahaya mai suna Cologuard yana haɗa neman jini da neman sauye-sauyen ƙwayar halitta, duk shekara 3. Hoton CT na hanji, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki, kuma duk shekara 5. Sai dai duk wanda sakamakonsa ya nuna wani abu, dole ya je kolonoskopi.

A 2021 kwamitin rigakafin cututtuka na Amurka ya sauko da shekarun fara gwajin daga 50 zuwa 45. Wanda iyaye ko 'yan'uwansa na jini suka yi ciwon, yakan fara tun yana 40 ko ƙasa da haka. Mai ganin jini a bahaya kuwa ya wuce maganar jiran shekaru, kuma a ƙasar Hausa akan ɗora irin wannan jini kan basir har lokaci ya ƙure.